Irodori: kwas ɗin Japananci na kyauta, da iyakar abin da zai tsinana wa ɗan Maradi

Japananci ba ya cikin harsunan da ake koyarwa a lakwal a nan, don haka duk wanda sha'awarsa ta kama a Maradi, wayarsa ce makarantarsa. Cikin kayan karatun da ke yawo a intanet, Irodori ne ya fi dacewa da halin da muke ciki, kuma dalilin farko ba na ilimi ba ne. Ana sauke shi a ajiye a waya, a yi ta karatu ko babu rezo, ko mega ta ƙare, ko an ɗauke kuran tun la'asar. Ba a biyan ko dala.

Japan Foundation ce ta shirya shi, hukumar da Japan ta kafa a 1972 don yaɗa harshenta da al'adunta, kuma ta fitar da shi a 2020. Matakai uku na farko su ne Starter, sai Elementary 1, sai Elementary 2, kowane da darasi 18. Kowane darasi yana da takardarsa ta PDF da muryoyinsa na MP3, ana iya sauke su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, don ba sai ka jira ranar da ka sayi mega mai yawa ba. Muryoyin sukan zo a ƙunshe cikin fayil ɗin zip, kuma nan ne mutane da yawa ke tsayawa su ce abin bai yi ba: sai an buɗe ƙunshin da manhajar fayiloli ta wayar kafin a iya saurare. Kowace murya tana da lamba, lambar kuma tana rubuce a gefen aikin da ta shafa a cikin takardar.

Tsarin darasin ba irin na lakwal ba ne, inda ake fara da ƙa'idar nahawu a allo. Nan abin da za ka iya yi ake sa maka a gaba: ka gaida abokin aiki, ka sayi abinci, ka tambayi inda motar haya ta nufa, ka gaya wa likita inda ke maka ciwo. Za ka fara jin mutane suna magana da sauri irin na gaske, a tambaye ka abin da ka tsinta, sannan a nuna maka yadda jimlar take. Bayanin nahawu yana can ƙarshen darasi, tare da ƴan bayanai kan zaman Japan. Mai gaggawa yakan tsallake sauraro ya faɗa wa nahawu. Ya yi asarar rabin kwas ɗin ke nan, kuma rabin da Bahaushe ya fi kowa ƙarfi a cikinsa.

Ga dalili. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, kuma kowane yana da gajere da dogo, kamar namu. Yadda gari na mutane ya bambanta da gari na tuwo, haka obasan, wato inna ko gwaggo, ta bambanta da obaasan, wato kaka. Ka ja wasalin a gaban mace mai shekara arba'in, ka tsufar da ita. Biru bene ne, biiru kuwa giya. Suna kuma ninka baƙi kamar yadda muke raba baba da babba, ko daba da dabba. Kite kudasai shi ne don Allah zo, kitte kudasai don Allah yanka, kiite kudasai don Allah saurara. Bature yakan yi watanni kafin kunnensa ya raba waɗannan ukun, ɗan Maradi kuwa da jin farko ya ji bambancin. Har karin sauti suna da shi: hashi mai farawa sama ta sauka tsinken cin abinci ne, hashi mai farawa ƙasa ta hau gada ce, kamar kuka ta miya da kuka na hawaye. Akwai ma wata garaɓasa ta mutanen yankinmu. Sautin da ake rubutawa fu, kamar a sunan dutsen Fuji, ba da haƙori ake yin sa ba, da leɓe biyu ake hura shi, tsakanin fu da hu. Bakin da ya saba cewa tahiya da hwara ba ya bukatar a koya masa wannan.

Inda ake tuntuɓe wuri huɗu ne. Na farko tsu. Namu ts muna tsuke maƙogwaro mu harbo shi, nasu t ne da s a jere, a sake, babu matsi. Na biyu p, wanda bakin da bai saba da Faransanci ba yake mayarwa f, sai pan, burodi, ya koma fan. Na uku wasalin da suke haɗiyewa: ana rubuta desu da masu, amma abin da za ka ji a muryoyin ya fi kusa da des da mas, mu kuwa mun saba rufe kalma da cikakken wasali, har mu ƙara masa tsawo. Na huɗu ya fi kama ƴan boko. In an rubuta Japananci da haruffan boko, sai wanda ya yi lakwal ya karanta shi da Faransanci: ya mayar da chi ta zama shi, ya shigar da an da on cikin hanci, ya kurkure r a maƙogwaro, ya karanta arigatou da u a ƙarshe alhali dogon o ne. Maganin wannan shi ne ka karanta kamar Hausa kake karantawa. Chi ita ce ci tamu, ji ita ce ji, shi ita ce shi.

Wasu kalmomin ma sai su ba ka dariya. Ido a wurinsu rijiya ce, kasa laima ce, goma kuwa riɗi. Riƙe wannan ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Darussan gaisuwa su ne suka fi daɗi, kuma a nan ake ganin asarar koyon harshe ta hannun wani harshe. Bayanin Irodori na asali da Japananci da Turanci yake, kuma Turanci ba shi da inda zai ajiye yawancin gaisuwar Japan, sai ya yi ta kewaye-kewaye. Hausa kuwa tana da su a shirye. Otsukaresama desu, wadda ma'aikata ke yi wa juna, sannu da aiki ce. Mai fita daga gida ya ce ittekimasu, sai na dawo, a amsa masa itterasshai, a dawo lafiya. In ya dawo ya ce tadaima, a ce okaerinasai, sannu da zuwa. Mara lafiya a ce masa odaiji ni, a wurin da za mu ce Allah ya ƙara sauƙi. Ba a kiran babba da sunansa tsirara, sai an liƙa masa san, malami kuma sensei, amma mutum ba ya liƙa wa kansa. Akwai maganar tsara da tsara, akwai ta gaban manya. Wanda ya tashi yana ce wa mahaifinsa ku, yana durƙusawa in zai gaida surukinsa, ba baƙon wannan tunani ba ne. Shawarar da ta fi amfani ita ce ka ware littafi guda ka rinƙa rubuta ma'anar kowace jimla da Hausa kai tsaye, kada ka bi ta Turanci ko Faransanci.

Kwas ɗin bai manta da mai ƙa'idar abinci ba, akwai darasi kan yadda za ka faɗi abin da ba ka ci. Butaniku wa taberaremasen, ba na iya cin naman alade. Osake wa nomimasen, ba na shan giya. Mai niyyar zuwa ya ƙara kalmar mirin a kansa, don ruwan girki ne mai giya a ciki da ke shiga miya da yawa. Musulmi ba baƙi ba ne a can, masallacin Kobe tun 1935 yake tsaye.

To, sai rauninsa, kuma babba ne: rubutu. Irodori an yi shi ne don wanda zai je Japan aiki, ya ji ya kuma mayar, ya karanta allon tasha da takardar farashi. Koyar da hannu ba shi ne damuwarsa ba. Japananci kuwa da rubutu uku ake yin sa a haɗe. Hiragana 46, katakana 46, kowane harafi gaɓa guda ce kamar ka ko mi, sai kanji da suka aro daga Sin, waɗanda jerin gwamnati na amfanin yau da kullum ya kai 2,136 tun gyaran 2010. Wanda ya shiga darussan bai riƙe hiragana da katakana ba, zai yi ta jingina da haruffan boko har ranar da za a janye su, a nan ne yawancin masu farawa ke ajiye karatun.

Don haka kafin ka yi nisa, ba wa haruffan sati uku su kaɗai. Sayi kaye mai gida-gida irin na ƴan lakwal, ka haɗa gida huɗu su zama gida ɗaya, don kowane harafi cikin murabba'i guda yake zama. Harafi biyar a rana, layi guda ke nan na jadawalin: a i u e o yau, ka ki ku ke ko gobe. Cikin kwana goma hiragana ta ƙare, kwana goma kuma katakana. Bi tsarin zanen yadda aka nuna, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, domin wasu haruffan hanyar jan alƙalami ce kawai ta raba su. Dubi シ da ツ. Na farko shi ne, dogon zanensa daga ƙasa ake jawo shi sama. Na biyu tsu ne, daga sama ake sauko da shi. Haka ン da ソ, wato n da so. Wanda ya kwafe su kamar hoto ba zai taɓa raba su ba. A hiragana kuma ぬ da め, da わ da ね da れ, su ne masu rikici. Japan Foundation tana da manhajoji na kyauta don wannan, Hiragana Memory Hint da Katakana Memory Hint, sai dai hotunan tunin an gina su kan kalmomin Turanci, ga wanda ba ya jin Turanci ba su da wani tasiri. Ƙirƙiri naka da Hausa, ya fi zama.

Abu guda da ke rikita kowa a makon farko: harafin は ha ne, amma in ya zo a matsayin ɗan kalmar da ke nuna abin da ake magana a kai, wa ake karanta shi. Watashi wa mizu o nomimasu, ina shan ruwa, kalma bayan kalma ni, ruwa, sha. Aikatau kullum a ƙarshe yake, dole ka jira mai magana ya kai aya kafin ka san ya yi ko bai yi ba. A madadin wannan wahala an yafe maka wasu biyu: suna ba shi da namiji da mace, jam'i ma kusan babu. Wanda ya iya gida da gidaje, da doki da dawaki, ya san girman wannan rangwame.

Kanji kuma sai da maimaici, kuma Irodori ba ya bibiyar abin da ka manta. AnkiDroid, manhajar katunan maimaici, ita ce ke cike wannan giɓi, kyauta take a Android, tana aiki babu intanet, tana dawo maka da kati daidai lokacin da ya kusa sulluɓe maka. Kada ka wuce sababbin kati goma a rana. Masu zafin farawa sukan sa talatin, bayan sati uku bashin maimaici ya taru ɗaruruwa, su gudu. Akwai kuma wata matsala ta waya da ba kowa ke lura ba: in ba a sa Japananci cikin harsunan wayar ba, wasu wayoyin sukan nuna kanji da siffar Sinanci, wadda ta ɗan bambanta a wasu haruffa. Shiga saitin harshe ka ƙara Japananci a matsayin na biyu. A Gboard, manhajar buga rubutu ta waya, ma ka ƙara allon rubutunsa, ka buga da haruffan boko shi ya juya: n biyu ke ba da ん, ninka baƙi kuma ke ba da ƙaramin tsu, alamar da suke nuna ninkin da ita.

Kada ka kai littafin duka wurin mai fotokwafi. Shafukansa ɗaruruwa ne, ko a dala biyar-biyar aka yi maka sai ya ci jikkuna, kuma hotunan masu launi suna dushewa a baƙi da fari. Darasin da kake kai kawai za ka buga, ko ka bar shi a waya. Minti talatin zuwa arba'in bayan asuba ya isa. Saurari murya sau biyu ba ka kallon rubutu, amsa tambayoyin, sannan ka sake sa ta ka rinƙa bin mai maganar a baya da murya a fili, kamar almajiri na bin malam. Darasi guda a kwana goma, matakin farko ya ƙare cikin wata shida. Kusan kowane darasi yana da aikin mutum biyu, ɗaya ya tambaya ɗaya ya amsa, kuma kwas ɗin ba zai samo maka na biyun ba. In akwai aboki a unguwa ko a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da zai shiga tare da kai, ko sau biyu a sati ne, bakinka zai buɗe. In babu, ɗauki muryarka a waya ka gwada ta da ta asali.

Saura tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi: me za a samu? A faɗi gaskiya, yawancin Toyota da ke yawo a Maradi ta Turai ko Amurka ko Dubai suka biyo, sitiyarinsu a hagu, takardunsu ba na Japananci ba. A Japan hannun hagu ake tuƙi, sitiyari a dama. Inda harshen ke shigowa shi ne kayan gwanjo na cikin Japan, inji da giyar mota da sauran kayan gyara da ake sauke wa a Sharjah kusa da Dubai, da janareto da injinan aiki masu rubutun Japan a jiki. A nan katakana kaɗai tana biyan wahalarta, don kalmomin aro da ita ake rubuta su, kuma daga inda muka aro namu suka aro nasu: enjin, bureeki, taiya, batterii, wato inji, birki, taya, batir. Ƙara kanji huɗu, 右 dama, 左 hagu, 前 gaba, 後 baya, ka daina sayen fitilar hagu a madadin ta dama. 軽油 gazuwal ne, 灯油 kananzir, esansi kuwa ガソリン. Kayan lantarki na cikin gida a Japan da bolt 100 suke aiki, namu 220 ne, wanda ya jona kai tsaye ya ƙona kayansa. Shekara ma da zamanin sarki suke ƙidaya ta a takardu. H na nufin Heisei, ka ƙara 1988, don haka H20 ita ce 2008. R na nufin Reiwa, ka ƙara 2018. Kuɗi kuma da man ake lissafa shi, wato dubu goma: 150万 miliyan ɗaya da rabi ne na yen. Wanda ya saba juya dala zuwa tamma a ka ba zai sha wuya ba. Irodori yana koyar da lissafin kuɗi, amma kalmomin garaji sai ka nemo da kanka.

Sai goma, riɗin nan. Japan kusan duk riɗin da take ci daga waje take sayo shi, da yawa daga Afirka, kuma jihar Maradi ƙasar riɗi ce. Amma kada a ruɗi kai. Manyan kamfanonin da ke sayowa da Turanci suke ciniki, kuma abin da ke mayar da kaya baya shi ne ragowar maganin ƙwari da gubar funfuna, ba rashin gaisuwa ba. Tun 2006 dokarsu ta sa iyakar 0.01 ppm, wato kashi ɗaya cikin miliyan ɗari, ga duk maganin da ba a yanka masa tasa iyakar ba. Harshen yana buɗe fuska da amana, ba ya wanke buhu.

Ta fannin karatu akwai tallafin gwamnatin Japan na MEXT, wato ma'aikatar iliminsu, wanda ake nema ta ofishin jakadanci, kuma wanda ke kula da Nijar yana Abidjan. Akwai shirin ABE da firaministan lokacin Shinzo Abe ya sanar a taron Japan da Afirka na TICAD a 2013, na digiri na biyu da sanin makamar aiki a kamfanonin Japan, wanda JICA, hukumar Japan ta tallafa wa ƙasashen waje, ke gudanarwa. Shi da Turanci ake karatunsa, don haka ɗalibin da zai zaɓi ɗaya tsakanin gyara Turancinsa da fara Japananci, ya fara da Turanci. Japananci ƙari ne da ke nuna da gaske kake, kuma shi za ka rayu da shi a kanti da asibiti in ka isa. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana ware wa jami'anta awa 2,200 don su iya aiki da harshen. Ko da kunnen Bahaushe ya rage wani abu, kanji ba ya ragi.

Batun biza kuwa a yi hattara. Tsarin ma'aikata masu sana'a da Japan ta buɗe a Afrilun 2019 yana neman shaidar harshe da jarrabawar sana'a, kuma jarrabawar JFT-Basic da Irodori ke shirya mutum dominta a ƙasashen Asiya da Japan ake yin ta. A watan Agustan 2025 labari ya bazu daga Najeriya cewa Japan za ta ba ƴan Najeriya biza ta musamman don su zauna a garin Kisarazu, Japan ta ƙaryata, JICA kuma ta janye shirinta na haɗa garuruwan Japan da ƙasashen Afirka, wanda ya jawo maganar, gaba ɗaya a watan Satumba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya kai ka Japan aiki da kwas na wata uku, ka riƙe aljihunka.

Takardar shaidar da ta fi karɓuwa ita ce ta JLPT, jarrabawar gwada iya Japananci, mai matakai daga N5 mafi sauƙi zuwa N1. Lahadin farko na Yuli da na Disamba ake yin ta, amma wasu cibiyoyin waje sau ɗaya kawai suke yi a shekara, kuma rajista tana rufewa watanni kafin ranar. A yankinmu ana zama a Abidjan da Accra. Makin duka 180 ne, ana cin N5 da 80, N4 da 90, sai dai kowane sashe yana da nasa ƙaramin maki: a N5 dole ka samu 38 cikin 120 a kalmomi da nahawu da karatu, da 19 cikin 60 a sauraro, in ɗaya ya gaza ka faɗi ko jimillar ta haura. Babu magana a jarrabawar, babu rubutu da hannu, zaɓi ne cikin amsoshi. Irodori ba a kan tsarinta aka gina shi ba, don haka wanda ya gama Elementary 2 yana son N4 zai tarar sauraro ya yi masa sauƙi, dogon karatu kuma ya cinye masa lokaci. Wata biyu kafin ranar, ya sauke tambayoyin gwaji na shafin JLPT, ya rinƙa amsa su da agogo a gabansa.